Raƙumi 40, akuya 80: amsa ga masu cewa tafiya tana cinye bugun zuciya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni tsohon malamin dabbobi ne a nan Tawa. Shekara 30 da ƴan kai na yi ina bin mashaya da kasuwannin bisashe, daga Badagishiri har Abalak da Cintabaradan, kafin in ajiye aiki. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Yau ɗin ma wani saƙon murya ne da ke yawo a WhatsApp ya sa ni, don ya shigo fadarmu ya hana aminina tafiyar da likita ya ɗora masa.

Mai saƙon yana magana a natse, da muryar masu ilimi. Ya ce Turawa sun gano kowace dabba mai shayarwa an yanka mata bugun zuciya wajen biliyan guda. Ɓera zuciyarsa gudu take, shi ya sa yake ƙarar da nasa cikin shekara 2 ko 3. Giwa tata sannu take bugawa, sai ta kai 60 ko 70. Daga nan ya yanke hukunci: duk mai gudu ko motsa jiki rabonsa yake ƙonawa, gara mutum ya zauna ya tattala abin da ya rage masa.

Aminin nawa tsohon direban kamyo ne, ya sha hanyar Agadas da ta Ƙonni har gwiwoyinsa sun gaji. Yana da hawan jini, yana shan magani, an kuma ce ya riƙa taka ƙasa kullum da safe. Wata 3 yana yi yana ƙunƙuni. Da saƙon nan ya zo, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sau biyu ya kunna mana shi, ana kan shayi na biyu, sannan ya juyo gare ni.

"To, likitan jakkai, ka dai ji. Ni inji na sani. Kowace mota da kilomitan da anka rubuta mata. Ka bi ta sannu ta daɗe, ka matse ta ta bar ka a daji."

Na ce, "Alhaji, lissafin da ya fara da shi na san shi, da yatsuna na ƙirga shi. Inda ya kai shi ne ban yarda ba."

Shekarata ta farko a aiki aka tura ni wata mashaya arewa da Abalak. Wani dattijon Buzu ya kawo taguwa, wai kwana biyu ba ta kiwo sosai. Muka durƙusar da ita, na ɗora abin sauraren ƙirji a bayan gwiwar ƙafarta ta gaba, ta hagu, idona a kan agogo. Na saba da awaki da tumaki, masu zuciya kamar kalangu. Nan kuwa sai na ji dum, shiru, shiru, dum. Na ƙirga 38 a minti. Gabana ya faɗi, na ce a raina wannan ba za ta ga la'asar ba. Na sake ƙirgawa, 38 ɗin dai. Dattijon ya ga fuskata ta sake, ya tambayi abin da na ji. Da na gaya masa sai ya yi dariya har rawaninsa na rawa, ya ja hannuna ya kai ƙarƙashin wutsiyar wani raƙumi lafiyayye da ke durƙushe a gefe, inda jijiya ke harbawa. Ya ce, "Ƙirga wannan, yaro." Na samu 36. Taguwar ashe haƙori ne ke damunta.

Kunyar ranar ce ta sa na sayi ɗan littafi na riƙa rubuta duk abin da na ƙirga. Doki a tsaye cikin inuwa, 30 zuwa 40. Jaki ya ɗan ɗara haka. Saniya 60 zuwa 70. Tunkiya da akuya 70 zuwa 80, wani lokaci har 90, su a cikin cinya ake jin nasu. Kyanwa ta haura 120, in ta yarda ka taɓa ta. Zomon gida ya wuce 200, yatsa ba ya iya bi. Na ɓera ban taɓa ƙirgawa ba, amma masana sun auna 500 zuwa 600. Akwai wata ƴar mitsitsiyar jaɓa a ƙasashen bakin Bahar Rum da kudancin Asiya, nauyinta gram 2, kusan rabin ƙwayar sukari. Tata zuciyar tana iya kai 1,500 a minti, wato 25 a daƙiƙa guda, kuma da wuya ta wuce shekara 2. Giwa, irin na gandun dajin W, wajen 30. Can ƙarshen layi sai balen, ƙatuwar dabbar tekun nan da ke shayar da ɗanta kamar saniya. A wani nazari da aka buga a 2019, masu bincike na Jami'ar Stanford sun liƙa wa mafi girman jinsinta na'ura a gaɓar Kalifoniya, suka tarar in ta nutse can ƙasa bugun yana sauka har 2 a minti, in ta taso shan iska ya hau zuwa 37.

Shekara tana da minti 525,600, duk mai waya a hannu ya gwada. Ɓera mai 600, in ya yi sa'a ya ga shekara 3, ya buga miliyan 946. Giwa mai 30, a shekara 65, miliyan 1,025. Raƙumi mai 40, in ya kai shekara 40, miliyan 841. Akuya mai 80, a shekara 15, miliyan 631. Dabbar da za ka sa a aljihu da wadda ke tuge itace, lissafinsu ya faɗa unguwa ɗaya. Wani likitan zuciya a Boston ta Amurka, Herbert Levine, ya tattara irin wannan lissafi a 1997, ya samu matsakaicin da bai cika biliyan ba, miliyan 700 da ɗoriya. Tun 1908 ma wani Bajamushe, Max Rubner, ya lura da makamancin haka a kan abincin da doki da saniya da kare da kyanwa ke ƙonawa a tsawon rayuwarsu. Har nan mai saƙon bai yi ƙarya ba.

Dalilin yana cikin kofin shayi. Zuba shayi a ɗan ƙaramin kofin nan namu, kafin ka gama gaisawa ya huce. Tukunyar biki kuwa a sauke ta da magariba, har bayan isha'i ba ka iya rungumarta. Ƙaramin jiki fatarsa ta yi wa namansa yawa, zafi na tsere masa ta ko'ina. Dabba mai shayarwa dole ta riƙe ɗuminta, don haka ƙarama sai ta yi ta hura wuta ba tsayawa. Jaɓar nan kullum sai ta ci abin da ya fi nauyinta, in ta yi ƴan awoyi ba ci ta mutu. Wuta tana son iska, jini ke kai iskar, zuciya ke tura jinin. Ita kuwa zuciya, a ɓera ko a sa, rabonta a jiki kusan ɗaya ne, gram 5 ko 6 a kowane kilo. Tunda ba a ƙara mata girma ba, dole ta ƙara sauri.

Max Kleiber, ɗan Suwizalan da ya yi aiki a sashen kiwo na Jami'ar Kalifoniya a Davis, mutumin sana'armu ke nan, shi ya fitar da ƙa'idar yadda cin abinci ke tafiya da nauyin jiki a 1932. Daga ita ake samun wannan: in wata dabba ta ninka wata nauyi sau 16, bugun zuciyarta yakan zama rabi, kwananta kuma yakan kusa ninkawa. Akuya mai kilo 30, raƙumi mai kilo 480, sau 16 cif. Ita 80, shi 40. Ranar da na fara ganin wannan a littafina sai da na tashi na zagaya ɗaki.

To a nan ne muka rabu da mai saƙon. Girman jiki ne ya haifi abubuwan biyu, saurin zuciya da yawan kwana, shi ya sa suke tafiya tare. Kukan kwaɗi da tsiron hatsi ma tare suke zuwa kowace damina, amma ba manomin da zai ce kwaɗi ne ke tsirar masa da hatsi, ya je yana tara su a gona.

Na ce wa Alhaji ya miƙo hannu. Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, wani yaro ya riƙe mana agogon waya: 84. Na ce, "Ingarman doki yana buga 36, bai kai rabin naka ba, kuma in ya ga shekara 30 ya tsufa tukuf. Kai shekararka 68. Dawaki nawa aka haifa suka mutu a gabanka?" Mutum mai bugu 70 yana yin 100,800 a yini da dare. In ya kai shekara 70 ya haura miliyan 2,500. Da biliyan guda aka ba mu, da duk mun tafi kafin mu cika 30. Levine da kansa ya nuna ɗan Adam ya fita daga layin, wannan ne mai saƙon ya tsallake.

Ba mu kaɗai muka fita ba. A Siberiya an kama wani ɗan jemage da nauyinsa bai kai gram 10 ba, aka sa masa zobe aka sake shi. Bayan shekara 41 aka sake kama shi da ransa. Zuciyar ƙananan jemagu in suna tashi tana kusantar 1,000 a minti. Wani zai ce ai wancan yana kwashe watannin sanyi yana barci, zuciyarsa na hutawa. Haka ne. Amma jemagun ƙasashen zafi masu shan ƴaƴan itace, dangin waɗanda ke ɓarnar mangwaro a garake, ba su san wannan barcin ba, kuma an ga waɗanda suka haura shekara 20. A Habasha da Somaliya da Kenya akwai wani ɓeran rami marar gashi, girmansa kamar na ɓeran ɗaki, yana wuce shekara 30. A karnuka ma abin juyewa ya yi: manya-manyan karnukan Turai da wuya su wuce shekara 10, ƴan ƙananan da ake ɗauka a hannu suna kai 15. Ga kuma na cikin gida: a matsakaici zuciyar mace ta ɗan fi ta namiji sauri, amma kusan ko'ina a duniya mata sun fi mu daɗewa. Da na faɗi wannan ba wanda ya yi gardama.

Abin da masana suka lura shi ne dabbar da ke da mafaka ita ke da jiki mai gyaran kansa. Ɓera a daji da wuya ya cika shekara, ga mujiya, ga maciji, ga kyanwa. Komai nasa na gaggawa ne: cikin kwana 20 uwar ta haihu, bayan wata 2 ƴaƴan su ma sun fara. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, taguwa wajen 13, giwa 22. Jemage yana da fiffike, ɓeran Habasha yana da rami, giwa tana da girman da ba mai tunkararta, kuma a jikinsu ne aka samu hanyoyin gyara ɓarnar da ke taruwa da shekaru. A 2015 an gano giwa tana da kwafi wajen 20 na wata ƙwayar gado da ke hana ciwon daji tasowa, mutum kuwa guda ɗaya gare shi.

Maganar inji Alhaji ya fi ni sani, sai dai ban taɓa ganin kamyon da ya dawo daga Agadas injinsa ya ƙara ƙarfi ba. Zuciya tsoka ce, aiki yana gina ta. Kowace shekara gab da layya ina ganin abin. Ragon da aka ɗaure a turke wata 6 ana ɗura masa dusa da harawa, a fito da shi zuwa kasuwa, kafin a kai rabin hanya ya buɗe baki yana haki, zuciya kamar ta fasa haƙarƙari. Na taɓa tsayawa a kan wani da ya faɗi a bakin kasuwa, mai shi yana ta kiran a kawo wuƙa kafin ya zama mushe, kuɗin da ya zuba duk sun tsaya masa a wuya. Ɗan'uwan ragon da ya bi makiyayi zuwa Azawak ya dawo, ka ɗora masa abin saurare ka ji bugu mai nauyi, ba garaje. Zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini mai yawa a bugu guda, sai ta rage yawan bugun in an huta. Miguel Indurain, ɗan Sifen da ya ci tseren keken Faransa sau 5 a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito nasa a hutu 28 ne, ƙasa da na raƙumi. Ba a kan tabarma ya same shi ba.

Ko da mun yarda bugun zuciya jari ne da ake ci, ai tafiyar riba ce. Na zana wa Alhaji a ƙasa da tsinke. In ya yi awa guda yana tafiya, zuciyarsa ta hau daga 84 zuwa 110, ya kashe ƙarin 26 sau 60, wato 1,560. In sabo da tafiyar ya sauke masa bugun hutu da 2 kacal, a sauran awa 23 ya tara 2,760. Uwar kuɗi ta dawo, ga riba 1,200 kullum. Waɗanda suka dage da motsa jiki na watanni kuwa galibi abin da ke sauka ya fi 2. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce lissafin ma'aikatan gwamnati ne, kullum a ƙasa yake daidai.

Kada a ce na ɓoye wani abu. Tsakanin mutane ma, saurin bugu a lokacin hutu yana tafiya da gajeren kwana. A Kopenhagen ta ƙasar Danmak an bi maza kusan 3,000 har shekara 16, aka buga sakamakon a 2013: duk ƙarin bugu 10 a minti, haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 16 cikin 100, kuma ko da aka yi la'akari da masu shan taba da marasa motsa jiki, alaƙar ba ta ɓace ba. Abin dubawa ne. Amma ni tumaki sun koya mini yadda ake karanta irin wannan. Tunkiyar da tsutsar ciki ta shanye wa jini, ka buɗe fatar idonta ka gan ta fari fat, zuciyarta tana gudun 120. In na ba ta abin rage gudun na bar tsutsar, ni na kashe ta. Zazzaɓi, ƙarancin jini, ƙishirwa, taba, ƙiba, rashin barci, duk suna sa zuciyar mutum sauri. Jiki magayi ne, ana bin abin da ya gaya maka ne har a kai gindinsa.

An ma gwada rage bugun shi kaɗai. A wani babban gwaji da aka buga a 2014, an raba masu ciwon jijiyoyin zuciya sama da 19,000 gida biyu, aka ba rabi maganin ivabradine. Bugunsu ya ragu da wajen 10 a minti, mutuwa ba ta ragu ba. Ga waɗanda zuciyarsu ta yi rauni ta kasa tura jini maganin yana da amfani, amma wannan hukuncin likita ne bayan awo. Na kawo wannan ne don na ji wani matashi a fadar yana tambaya ko masu tallar magani a tire suna da ƙwayar rage bugun zuciya. Za su samo masa, ba abin da ba su samowa. Wasu daga irin waɗannan ƙwayoyi suna iya toshe numfashin mai asma, su sumar da mai lafiya. Tsoho kuma da bugunsa ya sauka zuwa 40 yana ganin jiri ko yana faɗuwa, kada ya yi murna wai ya zama giwa, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da ya fi ɓata mini rai a saƙon shi ne yadda ya jingina lissafinsa da ajali, har mutum ya ji kamar in ya musa ya taɓa imani. Ajali yana hannun Allah, ba wanda aka nuna wa adadinsa, na kwana ko na bugu. Mu da muka tashi cikin raƙuma mun san hadisin da aka ce wa mai taguwa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Roƙona gare ka, Edita, ka nemi wani likitan zuciya a Yamai ya yi wa masu karatu bayani da Hausa, tunda ni iyakata dabbobi. Kafin nan, mai son sanin nasa ya ƙirga da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa, kafin shayi, minti guda cikakke. Likitoci suna ɗaukar 60 zuwa 100 a matsayin daidai ga baligi. Kada ya ƙirga bayan ya hau tudu ko ya gama faɗa da yara. Mu ma ba mu auna akuyar da aka gama kora sai ta tsaya ta fara tuƙa.

Alhaji dai har yau bai ce na yi gaskiya ba. Amma kwana 3 a mako ina biya masa bayan sallar asuba, mu taka har filin kokowa mu dawo, yana tafe yana zagin gwiwoyinsa da ni. Shekaranjiya muka haɗu da wani yaro da jakin ɗibar ruwa, ya tsai da shi ya ce lalle sai na ƙirga na jakin a gabansa. Na sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, na samu 46. Ya miƙo nasa hannun, na ce sai mun zauna ya huta tukuna.

Naka,
Tsohon malamin dabbobi,
Tawa.